AMSA GA MASU SAURARO: Birki Ya Ɗauki Zafi A Gangara, Mene Ne Magani?

Wasiƙarmu ta yau ta fito ne daga wani mai a-kori-kura a Bodinga, wanda ke ɗaukar albasa da gero daga kasuwannin Bodinga da Shagari ya kai Jos, wani lokaci ya zarce Akwanga. Ya ce a nan gida birkinsa lafiya lau, amma in ya zo gangaren Hawan Kibo sai ya ji ƙauri, ya taka birki ya ji ya yi laushi. Yana tambaya, shin ya sake birkin ne da wanda ya fi ƙarfi?

To, Malam, mun gode da wannan tambaya, domin magana ce ta rai. Hanyarmu ta Sakkwato zuwa Bodinga, Shagari har Tambuwal shimfiɗaɗɗiya ce, ba ta gwada birki. Doguwar gangara ita ke tona asirinsa.

Ka san aikin birki gugar ƙarfe ne, guga kuwa zafi take haifarwa. In ka ɗora ƙafa a kansa tun daga sama har ƙasa, zafin ba ya samun sararin fita. Takalmin birki sai ya yi santsi ya daina kamawa. Wannan shi ne ƙaurin da ka ji. Laushin kuwa daga man birki ne. Sabon mai lamba DOT 3 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 205, mai lamba DOT 4 kuwa sai 230. Amma man birki na shan laimar iska. In ya tsufa, DOT 3 kan tafasa a wajen digiri 140 kacal. Da ya tafasa sai ya yi kumfa, ka taka har ƙasa, mota na tafiya abinta.

Saboda haka gyara na farko shi ne mafi araha: a zubar da tsohon mai, a sa sabon DOT 4 daga gwangwani rufaffe, a fitar da iska, a riƙa yin haka duk shekara biyu. Kada a gauraya shi da DOT 5, ba jinsinsu ɗaya ba. Masu zuba ruwan omo a madadin mai kuwa su ji tsoron Allah, ruwa a digiri 100 yake tafasa.

Na biyu, ka sayi takalmin birki na ƙwarai, wanda aka yi don motar kaya, ka sake dama da hagu tare. Araha ba ta ado. Bakanike ya duba faifan gaba, in ya siɗe ko ya tsage a sake shi, ya kuma duba robobin da mai ke bi, ya daidaita takalman baya.

Na uku, ga wani abin da da yawa ba su sani ba. Motoci irin su Hilux suna da wani bawul a baya mai auna nauyin kaya, shi ke ƙara wa birkin baya ƙarfi in mota ta zauna. In ka ƙara sifirin don ta ɗauki lodi, bayanta ba zai zauna ba, sai bawul ya ɗauka ba kaya, aiki duka ya koma kan birkin gaba. Wanda ya ƙara sifirin, to, ya sa a sake saita wannan bawul.

Amma fa ka ji gaskiya, Malam: ko wane irin birki ka saya, ba zai ɗauki abin da ya fi ƙarfinsa ba. Motar da aka yi don tan ɗaya, buhu goma ke nan masu kilo 100. In ka ɗora ashirin, ga fasinja a sama, ka kusan kai birki bango tun ba ka tashi ba. Kwaɗayi mabuɗin wahala.

Babban magani yana hannunka, wato giya. Kafin ka shiga gangara, rage gudu ka sa ta biyu, in ta yi tsanani ta ɗaya, injin ya riƙe motar. Giyar da za ka hau da ita, da ita za ka sauka. Kada ka sake ta a firi, kada ka kashe injin don tsimin mai, domin da injin ya mutu birki zai yi tauri. Ka taka da ƙarfi na ɗan lokaci, ka saki ya sha iska. Ka kuma tuna, in gudu ya ninka biyu, zafin da birki zai sha kafin ka tsaya ya ninka huɗu.

In ka ji ƙauri, nemi wuri mai kyau ka tsaya, ka sa giya, ka sa waigi, ka jira ya huce da kansa. Kada ka watsa masa ruwa, faifan zai lanƙwashe ko ya tsage. Albasa ta makara kasuwa ya fi a kai wa iyali mummunan labari.

Da fatan mai tambaya ya gamsu. Allah ya kiyaye hanya, sai mun ji daga gare ku.