AMSA GA MAI SAURARO: WANE NE MAI KOYA WA MAJIYYACI KOMAWA AIKI?

 Takardarmu ta yau ta fito ne daga wani manomin shinkafa a Bakura. Ya ce yayansa ya gamu da shanyewar ɓarin jiki, hannun dama ba ya riƙe ko cokali, balle fartanya. Likita ya ce su nemi mai "okufeshonal tarafi". To wane ne wannan, kuma ina ake samunsa?

To Malam, Allah ya ba yayanka lafiya. Da farko kada ka haɗa shi da mai gashi, wato fisiyo. Shi mai gashi ƙarfin gaɓoɓi da tafiya yake nema wa mutum. Wannan kuwa aikinsa shi ne ya mai da majiyyaci kan harkokinsa na yau da kullum: cin abinci, sa riga, alwala, zagayawa, har zuwa sana'a.

Misali, zai koya wa yayanka ya fara zura hannun da ya shanye in zai sa taguwa. Zai naɗa roba a ƙotar cokali ta yi kauri don ta riƙu. In yatsu sun fara naɗewa, zai auna masa abin ɗaurin da zai miƙe su. In ɗan kasuwa ne, sai ya koma da shi kan awon mudu da ƙirgar kuɗi. Yakan duba kutare, da waɗanda suka ƙone, da yaran da ba su zauna ko tafiya da wuri ba.

Batun inda ake samunsa, gaskiya masu wannan aiki kaɗan ne a ƙasar nan, galibinsu a manyan asibitoci. Mutanen Bakura da Maradun, ku fara da Babban Asibitin Talata Mafara, ku nemi likita ya rubuta muku takardar turawa. Da ita za ku tambaya a Asibitin Tarayya na Gusau, ko Asibitin Koyarwa na Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ko asibitin ƙwaƙwalwa na Kware, ko na ƙashi da ke Dala a Kano. Kafin ku kashe kuɗin mota, ku sa a bincika muku ko akwai shi, da ranar da yake ganin mutane.

A yi hattara da 'yan damfara. Akwai hukumar da aka kafa a 1988 mai yi wa masu wannan aiki da masu gashi rajista, saboda haka ba laifi ba ne ka ce a nuna maka lasin.

Sannan kada ku jira sai an kammala girbi. Watanni uku zuwa shida na farko su ne jiki ya fi karɓar horo. Kafin nan, kada a ja shi ta hannun da ya shanye, kafaɗa tana iya gocewa. Abin da zai iya yi da kansa a bar shi ya yi, ko da zai daɗe. Maganin hawan jini kuwa, in an ba shi, kada a daina.

Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. A huta lafiya.