Na'urar Gwaji Ba Ta Aiki Ita Kaɗai

Yau ɗakin gwaji za mu leƙa, wato lab, inda ake kai jininmu da kakinmu mu koma benci muna jiran sakamako.

Bara goggona ta yi fiye da wata guda tana tari a ƙauyensu, can ɓangaren Gwaram. Muka kai ta wani asibiti, ba zan kama suna ba. Na'urar gwajin tarin fuka tana nan a kan tebur, amma aka ce kayan aikinta sun ƙare, mu dawo. Sati biyu muka yi muna zirga-zirga. Duk wannan lokacin fa ɗaki ɗaya take kwana da jikokinta, kuma tarin fuka ta iska ake ɗaukarsa.

To me na'urar take yi? A da, ma'aikaci zai shafa kaki a gilashi, ya zuba masa launi, ya duba da madubin hangen ƙwayoyin cuta. Idan ƙwayoyin ba su da yawa, sai ido ya wuce su, a ce maka lafiya lau. Ita GeneXpert, wadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da ita a 2010, ƙwayar halittar cutar take nema. Cikin kamar awa 2 sakamako ya fito, har ta faɗa ko cutar ta bijire wa maganin rifampicin. Haka na'urar ƙidayar jini. Ƙwayoyin jini suna bi ta wata 'yar ƙaramar kafa, kowace ta wuce sai ta taɓa ƙarfin lantarki, na'ura ta ƙirga. Wani Ba'amurke, Wallace Coulter, ya yi rajistar wannan dabara a 1953. Aikin da ake yi da ido a gaji, yanzu minti ɗaya ne ko biyu.

Sai dai na'ura tana da sharuɗɗa. Na farko wuta: idan aka ɗauke ana tsakiyar gwaji, wannan gwajin ya lalace, sai an sake. Na biyu sanyi: GeneXpert ba ta son zafin ɗaki ya wuce digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu kun san yadda Birnin Kudu take, har 40 ana wucewa. Na uku sinadarai, waɗanda galibi daga waje ake shigo da su, farashinsu yana bin dala. Na huɗu mutum. Dole ƙwararre ya riƙa gwada na'urar da samfurin da aka riga aka san sakamakonsa, don a tabbatar ba ta kauce ba. In kuwa aka rubuta sunan wani a kwalbar wani, wallahi na'ura ba za ta sani ba.

Shi ya sa nake roƙonmu, matasan Birnin Kudu da Gwaram, duk ranar da aka zo ƙaddamar da sabuwar na'ura ana ɗaukar hoto, mu yi tambaya cikin ladabi. Akwai sola da batir? Wa zai riƙa biyan kuɗin sinadarai, kuma yana cikin kasafi? In ta lalace, daga ina mai gyara zai zo? Ma'aikata nawa aka horar? Kowace mazaɓa ana son ta kasance da kwamitin da ke sa ido kan asibitinta, mu nemi shiga ciki.

Ƙannenmu masu neman kwas kuma, ku duba kimiyyar gwaje-gwajen asibiti. Ana karanta shi a Jami'ar Bayero, kuma na'urorin nan hannu suke jira.

Goggo dai daga baya an gwada ta, an same shi, ta sha maganinta na wata 6, ta warke, Alhamdulillah. Jikokin ma an duba su. Duk wanda tarinsa ya wuce sati 2, ya je a gwada shi, gwajin da maganin kyauta ne a cibiyoyin gwamnati.

Ku rubuto mana halin da lab ɗin garinku yake ciki. Sai mun haɗu a shiri na gaba, Allah ya ba mu lafiya.