AMANAR MAI DUBA GIDA DA HUKUNCIN KAMASHON ƁOYE



Ya 'yan'uwa, mas'alarmu ta yau ta shafi wanda ake ɗauka ya duba gida kafin a saya. A Amurka wannan sana'a ce mai zaman kanta. Mai saye yakan biya masani ya binciki harsashin gini da rufi da wayoyin lantarki da bututun ruwa, ya rubuta masa rahoto. A kan rahoton nan ne zai zuba dukiyar da ya daɗe yana tarawa, ko ya fasa.

To, ina haɗarin yake? Da zarar mai dubawa ya ce rufi ya lalace, za a tambaye shi wa zai gyara. Idan akwai kafintan da ke ba shi kaso a kan duk wanda ya tura masa, to kowane aibi ya gano riba ce gare shi, sai ƙaramar tsaga ta zama babbar ɓarna a rahotonsa. Idan kuwa dillalin gidan ne ke kawo masa aiki, sai ya kame bakinsa daga aibin da zai ɓata ciniki.

Saboda haka ƙungiyar masu wannan sana'a ta ASHI, wadda aka kafa a 1976, ta hana membobinta karɓar lada, kai tsaye ko a kaikaice, don sun nuna wa mai saye wani ma'aikaci. Ta hana su biyan dillalai don su turo masu aiki. Ta kuma hana su yin gyaran kuɗi a abin da suka duba har sai shekara ta zagayo. Dokar Jihar Kalifoniya ma ta ƙayyade wata 12.

Ya 'yan'uwa, Shari'a ta riga ta kafa wannan ƙa'ida. Bukhari da Muslim sun ruwaito ƙissar Ibnul Lutbiyya (RA), wanda Annabi (SAW) ya aika karɓar zakka. Da ya dawo sai ya ware wani abu, ya ce kyauta aka yi masa. Annabi (SAW) ya hau mumbari ya yi inkarin haka, ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa ba wanda zai kawo masa. Ma'ana, aikin ne ya jawo kyautar, don haka ba ta halatta gare shi ba.

Wani zai ce ai la'adar dillali halal ce. Haka ne, domin kowa ya san dillali ne, kuma ana biyansa a sarari. Shi kuwa mai dubawa, nasiha aka ɗauke shi ya yi, an kuma biya shi hakkinsa. Abin da ya karɓa a ɓoye, kafintan zai fanshe shi a kuɗin aiki, mai gida ya biya sau biyu bai sani ba. Wannan ha'inci ne, ko da an raɗa masa suna na goro.

Mu ma nan mukan ɗauki magini ko injiniya ya duba mana gida, kuma a cikinmu akwai masu waɗannan sana'o'i. Don haka muna yi wa kanmu wasiyya da abubuwa uku. Na farko, wanda ya duba kada ya karɓi gyaran. Na biyu, in an nemi ya nuna ma'aikaci, ya ambaci biyu ko uku, ya bayyana in akwai dangantaka ko ciniki tsakaninsu, kada ya karɓi ko kwabo. Na uku, mai saye ya zaɓi mai dubawa da kansa, ya cika masa ladansa, domin tauye hakkin ma'aikaci na buɗe ƙofar son zuciya.

Allah Ya sa mu cikin masu tsare amana, Ya tsarkake mana abin da muke ciyar da iyalanmu.