Kilishin gida: a ina sauƙin yake?

 

Yau maganar nama za mu yi. Na san wani zai ce a ransa, ana fama da tsadar shinkafa da kuɗin haya, mu kuma mun zo da zancen kilishi, abin marmari. To ku ɗan ara mini kunnuwanku. Nama na cikin abubuwan da suka fara ɓacewa daga tukunyar gidajenmu da rayuwa ta yi tsada, kuma gidan da ya rasa nama, yara da mai ciki da tsoho ne ke fara jin jiki.

Ana ta cewa, "yi kilishinka a gida, ka huta da tsada." Gaskiya ne, amma da sharaɗi. Mu yi lissafi tukun.

Kusan kashi uku cikin huɗu na tsokar nama ruwa ne. In ka shanya kilo 3, abin da zai rage maka bai wuce wajen kilo 1 ba, kafin ka sa masa haɗi. Shi ya sa kilishi ke da tsada, ba mugunta ce ta mai sayarwa ba, rana ce ta sha rabonta. Yanzu a ce kilon tsoka jikka 3 ne a kasuwarku. Kilo 3, jikka 9 ke nan. Ƙara jikka 2 na tunkuza da kayan yaji da gawayi, jikka 11. Mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan tun farkon 2024 jikka 42 ne. Ke nan ka kwashe fiye da rubu'in albashin wata a abu guda. Wanda ya je kasuwa shi kaɗai ya sayo nama kilo-kilo don ya yi kilishi, bai yi tattali ba, wahala ya ƙara wa kansa.

To ina sauƙin yake? Wuri biyu.

Na farko, lokacin da nama ya yi yawa a gida, wato Sallar Layya. Kun san yadda muke yi: a banƙare rago jikin itace kewaye da wuta yini guda, washegari a yi rabo, sauran a soye. Suya na da kyau, amma tana cin mai da itace, kuma gidan da ya dogara da firigo ya dogara da kuran. Ba mu manta ba, a watan Agusta na 2023, lokacin takunkumin CEDEAO, Najeriya ta katse wutar da take ba mu, sai a farkon 2024 ta dawo. Kowa ya san yadda firigo ya koma akwati a wancan lokacin. Rana kuwa ba mai katse mana ita. Kuma ku lura da wani abu: layya tana matsowa da kwana 10 ko 11 kowace shekara. A 2025 farkon Yuni ta zo. Shekarun da ke tafe za ta riƙa faɗowa cikin Mayu da Afrilu, tsakiyar bazara, lokacin da zafi ke wuce digiri 40. Ba lokacin shanya kamar wannan. Kafin a kai rago wuta, a ware cinya ɗaya ta kilishi.

Na biyu, watanda. Iyayenmu sun daɗe da gane cewa hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum goma su haɗa kuɗi, su sayi sa ɗaya a kasuwar ƙauye, a yanka, a kasa. Kai da ƙafa da kayan ciki da ƙashi a ci a kwanakin farko, tsoka a shanya. Muna da fada a kowace unguwa, muna haɗa kuɗin shayi da sukari kullum. Ƴan uwa mata kuna da adashi. Me zai hana fada ɗaya ta yi watanda sau biyu a shekara, ɗaya da hunturu, ɗaya da bazara?

Yanzu yadda ake yi. Ku riƙe, ko ku rubuta a waya.

A samo tsoka zalla, ta cinya ta fi, kuma naman da aka yanka ranar, daga mahaucin da kuka yarda da shi. A cire kitse da jijiya duka. Kitse shi ne abokin gabar ajiya, shi ke fara ɗoyi. A yanka naman fale-fale da wuƙa mai kaifi, har ka ɗaga ka ga haske ta ciki. Nan gwanintar take. In hannunka bai saba ba, ka biya mahauci ya fere maka, ka tsaya ka kalla. Ba abin kunya ba ne.

A shimfiɗa bisa gadon kara ko raga mai tsabta, sama da ƙasa, inda rana ke duka kuma iska ke ratsawa. A fara da hantsi. A rufe da sange wankakke saboda ƙuda da ƙura. A riƙa juyawa don kada ya manne. Da zafin bazara, in yankan ya yi siriri, awoyi kaɗan sun isa. In yamma ta yi bai gama ba, a shigar da shi ɗaki, kada raɓa ta taɓa shi.

Sai haɗi, wanda masu sana'ar ke kira labu. Tunkuza ce, wato gyaɗar da aka matse manta, a dama ta da ruwa mai tsabta, a sa barkono, citta, masoro, kanumfari, kimba, albasa, tafarnuwa, gishiri, da ɗan sukari ga mai so. Kauri kamar kunu. A tsoma busasshen naman ya jiƙa ko'ina, a mayar rana ya sake bushewa. Daga nan a gasa bisa garwashi mintuna kaɗan, ba bisa harshen wuta ba. Kada wani ya tsallake gashin nan don rowar gawayi, zafin wutar ne ke kashe ƙwayoyin cutar da rana ta bari.

Wanda kuɗin gyaɗa ya yi wa yawa, akwai rumuzu, wanda ba a tsoma shi cikin labu, mai da gishiri da ɗan yaji kawai. Masu sana'a a ƙasar nan iri uku suke yi: ja, fari, da rumuzu.

Abu uku nake roƙon ku kiyaye, don kada garin neman gira a rasa ido. Ɗaya, gyaɗar da ta yi fumfuna ko ta yi ɗaci a zubar, tana ɗauke da gubar aflatoksin mai lalata hanta, kuma gashi ba ya kashe ta. Biyu, ban da damina. In iska ta jiƙe, nama ruɓewa yake kafin ya bushe. Uku, ajiya. A bari ya huce sarai kafin a rufe. Kada a ƙulle shi a leda da zafinsa, gumi zai yi. Kada a naɗe a takardar buhun siminti. Kwano mai murfi ko kwalba busasshiya, a ɗaki mai inuwa. Kowane ƴan kwanaki a buɗe a duba, in ya fara laushi a mayar da shi rana. In ya canza wari ko ya yi fari-fari na fumfuna, a haƙura da shi. Kuɗin likita ya fi kuɗin nama.

Sai kuma cin. In ka zauna gaban kwano kana gutsura kana kallon ƙwallo, aikin sati biyu zai ƙare kafin a tafi hutun rabin lokaci. Kilishin tattali dakawa ake yi, a barbaɗa a dambu, a garin rogo, a shinkafa da wake, ko a jefa ɓalli ɗaya cikin miya. Ɗalibin da ke Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, ko Dan Dicko Dankoulodo a Maraɗi, ko André Salifou a Damagaram, ko Djibo Hamani a Tawa, ya san yadda ƙarshen wata yake. Kwano ɗaya daga gida zai raka shi makonni.

Akwai wata magana da ba na son mu tashi ban faɗa ba. Wasunmu na ganin wuƙa da nama aikin mahauta ne, wai bai dace da mai digiri ba. Ku sani, a 2021 hukumar OAPI, mai kare haƙƙin mallaka a ƙasashen Afirka 17, ta yi wa kilishin Nijar rajista da sunan ƙasarmu, kamar albasar Galmi. Wa ya kai shi nan? Mahautan Madawa da Tasawa da Damagaram, waɗanda suka gaji sana'ar iyaye da kakanni. Ku je wurinsu da ladabi, ku ce baba, koyo muka zo. Kilishin da za ka yi a gida ba zai kashe musu kasuwa ba, tsarabar tafiya da ta biki wurinsu za mu ci gaba da saye. Wanda hannunsa ya faɗa kuma, wa ya sani, ƙila ya samu sana'a yana jiran aikin gwamnati.

Abin da nake nema gare ku ƙarami ne. Kowace fada, kowane adashi, a fitar da mutum ɗaya mai riƙe littafi. A gwada da kilo 2 tukun. A rubuta kuɗin nama, na tunkuza, na yaji, na gawayi, na ladan mahauci. A auna abin da ya fito, a je a tambayi farashi wurin mai kilishin unguwa, a kwatanta. In lissafi ya fita, a shirya watanda. In bai fita ba, a jira layya. Sakamakon da kuka samu ku kawo mana, don ƴan Tawa su ƙaru da na Maraɗi, na Yamai su ƙaru da na Damagaram.

Allah ya sa albarka a abin da muke ci, ya hore wa wanda bai da shi.