Nonon gida da lissafin lita ɗaya

Yau zan yi magana ne a kan lissafin lita ɗaya ta madara: wa ke samar da ita da araha, mai shanu 5 ko mai shanu 500?

Babbar gona a Turai tana da saniyar da ke ba da lita 25 zuwa 30 a rana. Kuɗin injin tatsa, na firigo, na likitan dabbobi, duk ana raba su a kan dubban lita, sai farashin kowace lita ya sauko. Tun da Tarayyar Turai ta cire ƙayyade yawan madara a 2015, rarar ta ƙaru. Ana cire man shanun, a zuba man ja, a busar, a turo mana gari a buhun kilo 25, wanda tsarin CEDEAO ya ɗora wa harajin kashi 5 cikin 100 kacal.

To, makiyayinmu fa? Da damina ciyawa kyauta ce, saniyarsa na ba da lita 2 ko 3 ba tare da ya kashe komi ba. Amma madara ba ta jira. In ba a sanyaya ta ba, cikin ƴan awoyi ta lalace. Da rani kuwa kuɗi ya yi kyau, nono ya ƙafe, sai an sayi dusa da harawa da tsada. Mai shanu 30 a gefen Yamai ko Maraɗi shi ya fi shan wuya: yana biyan abinci da albashin yaro, amma litarsa ba ta kai ta biya firigo da kuran ba.

Kun ga ke nan, ribar babbar gona tana cikin sanyayawa, sufuri da sayen abinci a sari. Waɗannan kuma ana iya yin su a haɗe. A Hamdallay da Kollo, cibiyoyin tattara madara na karɓa daga ƙananan makiyaya, su auna, su sanyaya, su kai wa masana'antun Yamai. Kowa da garkensa, firigo ɗaya.

Sai dai a kula: a al'adarmu kuɗin nono na mata ne. In madara ta koma cibiya, sunan matar ya kamata ya shiga littafin biya.

Ku da ke birni, in za ku sayi yawur, ku juya leda ku karanta, ku tambayi mai kanti: na gari ne ko na saniyarmu?