Jawabi Kan Kiwon Lafiya: Yadda Allurar Mutanen Sin Ke Rage Zafin Ciwo



Kowane manomi ya san ciwon baya lokacin huɗa da girbin gero. A nan, wanzami ake kira ya yi ƙaho. A ƙasar Sin kuwa, fiye da shekara 2,000 ke nan suna tsira siraran allurai a fatar mai ciwo. Allurar ba ta ɗauke da magani. To, ta yaya zafin ke raguwa?

Asirin yana cikin ƙashin baya. A cikinsa akwai laka, wadda ta taso daga ƙwaƙwalwa. Jijiyoyi sun fito daga jikinta, 31 ta dama, 31 ta hagu. Siraran jijiyoyi su ke kai labarin zafi. Masu kauri su ke kai labarin taɓawa da murzawa.

A shekarar 1965, wasu masana biyu, Ronald Melzack da Patrick Wall, suka bayyana cewa laka kamar zaure take mai ƙofa. Labarin zafi sai ya bi ta ƙofar kafin ya isa ƙwaƙwalwa. Idan jijiyoyi masu kauri suka motsa, sai ƙofar ta ƙuntata. Shi ya sa wanda ya yi tuntuɓe yakan murza yatsansa ya ji sauƙi.

A 1975 kuma aka gano cewa jiki da kansa yana fitar da wasu sinadarai masu kashe zafi. Bincike ya nuna tsira allura na sa su fito a laka da ƙwaƙwalwa.

Amma a lura, rufe ƙofar zaure ba ya kashe gobarar cikin gida. Zafi na iya lafawa, cuta na nan tana ci. Mai ciwon baya da ƙafarsa ta mutu, ko fitsari ya riƙa kufce masa, ko yake ta ramewa da zazzaɓi, kada a tsaya jinya a gida. A garzaya da shi asibiti mafi kusa, ko babban asibitin Kazaure.

Na biyu, allura ko aska ɗaya ga mutum biyu tana yaɗa ciwon hanta da ƙanjamau. Mai zuwa ƙaho ya sayi sabuwar reza, a buɗe ta a gabansa.

Allah ya ba mu lafiya, amin.