Yaron da ya mayar da saman gidansu situdiyo

Daga nan Yakasai nake muku magana, cikin birnin Kano. Ga masu ƙarancin data, ga rubutun shirin nan kamar yadda muka saba.

Yau kan wani matashi mai ɗaukar hoto za mu yi hira, sunansa Ismail Zaidy. Ba ɗan Kano ba ne, ɗan Marrakesh ne a ƙasar Maroko, a 1997 aka haife shi. A Instagram za ku same shi da sunan L4artiste. Na san wani zai ce, to ina ruwan ɗan Yakasai da yaron Maroko? Ku ɗan yi haƙuri. Marrakesh tsohon birni ne mai ganuwar jar ƙasa, da lunguna, da ƙofofi, da marina da majema, kusan irin namu. Kuma jar fatar akuyar da Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko, da yawanta daga nan ƙasar Hausa fatake suke haye Sahara da ita. Wato dai ba baƙin juna ba ne mu da su.

Abin da ya fara kama ni a aikinsa shi ne kayan aikin. Da wayar Samsung Galaxy S5 ya fara, wayar da ta fito tun 2014. Yau in ka fito da ita a Farm Centre, yaran shago ma dariya za su yi maka. Situdiyonsa kuwa saman gidansu ne. Waɗanda yake ɗauka, ɗan'uwansa da 'yar'uwarsa. Kayan ado, yadudduka. Fitila, rana. Shi ke nan fa.

To amma ku je ku ga abin da yake fitowa. Mutum biyu a tsaye, babu komai a bayansu sai sararin sama. An lulluɓe su da yadi mai launi mai sanyi, ruwan hoda ko shuɗi mai haske ko fari, sau da yawa ba ka ganin fuska sam. Wani lokaci yadi ɗaya ne ya haɗa su, kamar an ɗinke su wuri guda. Ka san mutane ne, ka san yadi ne, ka san sama ce, babu abu ɗaya a ciki da ba ka taɓa gani ba. Amma haɗuwarsu ta zama wani abu da sai a mafarki. Kuma ba mafarkin firgita ba, irin wanda kake farkawa ka yi shiru kana so ka tuna me ka gani.

Wani jerin hotunansa ya sa masa suna 3aila. Wannan lamba 3 ɗin, haka matasan Larabawa suke rubuta harafin aini a waya. Ma'anar kalmar iyali, kun ji ma yadda ta yi kama da tamu. Da na gane haka sai hotunan suka ƙara nauyi a wurina. Yadin da ya haɗa mutum biyu, zumunci ne ko ɗauri ne? Wanda ya taso a babban gida irin na cikin birni, inda kowa ya san shigarka da fitarka, ya san amsar ba ɗaya ba ce. Wata rana rufin asiri ne, wata rana kuma numfashi kake nema. Yaron nan ya faɗi wannan duka bai buɗe baki ba.

Irin wannan salo yana da tarihi. A 1924 wani marubucin Faransa, André Breton, ya fitar da takardar da ta kafa tafiyar masu fasahar da suke ɗauko aikinsu daga mafarki da abin da ke ƙasan zuciya. A zamaninmu akwai Erik Johansson na Suwidin, mai harhaɗa hotuna da yawa a Photoshop har ka ga titi ya naɗe kamar tabarma. Akwai Prince Gyasi na Gana, haifaffen 1995, da ya fara da iPhone a unguwar Jamestown ta Akra, har ya zama baƙar fata na farko da ya ɗauki hotunan kalandar Pirelli, ta 2024. Duk gwanaye ne. Amma ni a ra'ayina Zaidy ya fi kusa da mu, don shi abin mamakin a gaban kyamara yake gina shi, da hannu, da yadi da iska.

Nan ne nake so mu tsaya kaɗan, don na san abin da ake cewa. Na ji shi a majalisa ba sau ɗaya ba: ai wannan hoton ƙarya ne. Hoto, a wurin mutanenmu, shaida ne. Na fasfo, na biki, na hawan sallah, na saukar Alƙur'ani. In ba ɗaya daga cikin waɗannan ba, wasan yara ne.

To don Allah ku je ku ɗauko tsohon albam ɗin gidanku. Ku duba hoton Baba yana saurayi, ya ɗora hannu kan wayar tarho da ba a haɗa ta da komai ba, a bayansa labule mai zanen bene da furanni. Hajiya ta zauna kusa da fulawar roba, ta riƙe jakar aro. Wa ya taɓa cewa sun yi ƙarya? Burinsu suka ɗauka a hoto. Seydou Keïta na Bamako da irin wannan aiki ya yi suna a duniya, yana ba mutane rediyo da agogo da babur su tsaya da su. Kuma mu da muka taso ana ba mu labarin Gizo da Ƙoƙi, dabbobi suna magana, dodo yana auren budurwa, mu ne za mu ce ba mu san ƙirƙira ba?

Ƙarya ita ce ka haɗa hoto ka ce wa mutane ga abin da ya faru jiya a Sabon Gari. Wannan kam muna fama da shi, musamman yanzu da ƙirƙirarriyar basira ta sa kowa yana iya ƙera hoto cikin minti ɗaya. Amma wanda ya lulluɓe 'yar'uwarsa da yadi ya ɗauke ta a gaban sama, bai yaudari kowa ba. Kai da ganin hoton ka san shiri ne. Kuma bambancinsa da na na'ura a fili yake: ya jira rana ta sauko, ya yi faɗa da iska, ya lallashi 'yan'uwansa su tsaya cak har hannu ya gaji.

Akwai kuma wani abu da ya dace da mu sosai, wato rufe fuskar nan. 'Yan mata da yawa a nan suna son harkar hoto, amma gida ba za a yarda fuskarsu ta yi yawo a intanet ba, kuma ni ban ga laifin iyaye ba in aka dubi yadda ake wulaƙanta hotunan mutane. Aikin Zaidy ya nuna ana iya yin hoto mai ratsa zuciya ba tare da an ga ko ƙwayar ido ba. Mayafi da hijabi da rawani su kansu kayan aiki ne.

Yanzu ku duba abin da ke kewaye da mu. Daga Yakasai, da ƙafa za ka taka zuwa marinar Ƙofar Mata, inda ake shanya shuɗin yadi yana ɗigar baba. Ga ragowar yadi wurin telolin unguwa da ake sharewa a zubar. Ga Kantin Kwari in kana da 'yan kuɗi. Ga bangon ƙasa mai zanko da indararo, ga ƙofar zaure da haske ke shigowa ta gefe ɗaya da hantsi. Ga hazon hunturu, da yake shafe bayan mutum tas ya bar shi kamar a tsakiyar gajimare. Wasu ƙasashen da inji suke yin irin wannan hayaƙin, mu kyauta yake zuwa mana har ya sa mu tari.

Sai dai gargaɗi ɗaya. Kada wani ya ji ni ya ce zai haye saman soro da waya a cikin birni. Gidajenmu a manne suke, kana hawa tsakar gidan maƙwabta kake kallo, kafin ka sauko maganar ta kai wurin mai unguwa. Tsakar gidanku ta isa. Kuma in za ka sa mutum a hoto, ko ƙaninka ne, ka tambaye shi, ka gaya masa inda za ka ɗora.

Abin da ke damuna shi ne bangon nan ba jiranmu yake ba. Duk damina sai wani tsohon soro ya zube, ko a rushe shi a yi shaguna da bulo. Ganuwar da aka fara ginawa tun zamanin Sarki Gijimasu, kusan shekara 900 ke nan, ku da kanku kun ga abin da ya rage. Yaron da zai tsayar da ƙanwarsa da shuɗin mayafi a jikin irin wannan bango, shekara goma nan gaba wataƙila sai dai ya nemi fenti.

Ku leƙa shafin nasa, ku ɗauki lokaci a kan hoto ɗaya kafin ku wuce na gaba. Wanda kuma ya gwada nasa, ya turo mana, a shiri mai zuwa zan zaɓi uku mu tattauna a kansu, da sunan mai su in ya yarda. Sai mun haɗu, wassalamu alaikum.